Tallafin Ƙasashen Waje da Sharuɗɗansa: Daga Masaƙun Kakuri Zuwa Rancen Dala Miliyan 350

A ƙarshen watan Maris na 2024, Gwamna Uba Sani ya shaida wa wani taron masu ruwa da tsaki a Kaduna cewa gwamnatinsa ta gaji bashin waje na dala miliyan 587, da na cikin gida naira biliyan 85, da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. Ya ce daga cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a wannan wata, an zare biliyan 7 domin biyan bashi tun kafin kuɗin su iso. Abin da ya rage bai kai naira biliyan 5.2 da ake bukata domin albashin ma'aikata ba.

Akasarin wannan bashi na waje ya fito ne daga hukumomin da jami'an gwamnati ke kira abokan hulɗar ci gaba, kuma sau da yawa da sunan tallafi ake sanar da jama'a zuwansa. Wannan bayani ya duba ma'anar tallafin waje, da ire-iren sharuɗɗan da ke tafe da shi, da yadda suka taɓa rayuwar mazauna Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa da Sabon Tasha cikin shekaru kusan 40.

Kyauta dabam, rance dabam

Kalmar tallafi tana ɗauke da abubuwa uku da ba su zama ɗaya ba. Na farko kyauta ce da ba a biya, irin wadda Birtaniya, Amurka, Tarayyar Turai ko Gidauniyar Gates ke bayarwa a fannin lafiya da ilimi. Na biyu rance ne mai sauƙi, mai ƙarancin kuɗin ruwa da dogon wa'adi, irin wanda sashen Bankin Duniya mai kula da ƙasashe matalauta, wato IDA, da Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci ke bayarwa. Na uku taimakon ƙwararru ne, inda mai bayarwa ke biyan masana su zo su yi aiki da ma'aikatun gwamnati, kuma kuɗin ba sa shiga baitulmalin jiha ko kaɗan.

A lissafin ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu arziki, rance mai sauƙi yana shiga cikin agajin raya ƙasa. Saboda haka jami'in da ya kira shi tallafi bai yi ƙarya ba a takarda, amma ɗan ƙasar da ya ji kalmar ya ɗauka kyauta ce an bar shi cikin duhu. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasarsu domin agaji, kuma ƙalilan ne suka taɓa cika wannan alkawari.

A Najeriya jiha ba ta da ikon karɓo rancen waje da kanta. Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya wannan iko a hannun tarayya, kuma dokar Ofishin Kula da Basussuka ta 2003 da dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 sun shimfiɗa hanyar da ake bi. Gwamnatin tarayya ce ke sa hannu da mai bayarwa bayan Majalisar Tarayya ta amince, sannan ta miƙa kuɗin ga jiha. Idan lokacin biya ya yi, ana cirewa kai tsaye daga kason jihar na wata-wata. Wannan shi ne dalilin da ya sa gwamna ba ya iya jinkirta biyan bashin waje kamar yadda yake jinkirta biyan ɗan kwangila ko ɗan fansho.

Ire-iren sharuɗɗa

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Babu tallafin da ke zuwa hannu sake, sai dai sharuɗɗan sun bambanta a nauyi da manufa.

Akwai sharaɗin riƙon amana: a buɗe asusu na musamman, a bi ƙa'idar bayar da kwangila, a bar masu binciken kuɗi su duba littattafai. Kusan babu mai jayayya da wannan.

Akwai sharaɗin manufofin tattalin arziki: a karya darajar kuɗi, a cire rangwamen man fetur ko na taki, a sayar da kamfanonin gwamnati, a ƙara haraji. Wannan shi ne wanda ya fi jawo tarzoma a Afirka tun shekarun 1980.

Akwai sharaɗin kasuwanci, inda mai bayarwa ke ɗaure kuɗin da kamfanonin ƙasarsa. Layin dogon Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016, an gina shi ne da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, kuma kamfanin CCECC na ƙasar ne ya yi aikin. Ƙasar Sin ba ta cika tsoma baki a kasafin kuɗin mai karɓa ba, amma wani kaso mai yawa na kuɗin yana komawa gida ta hannun 'yan kwangilarta.

Akwai kuma sharaɗin siyasa da ɗabi'u. Tun 1984 shugabannin Amurka 'yan jam'iyyar Rifablikan ke hana kuɗin agaji ga ƙungiyoyin waje masu hulɗa da zubar da ciki, 'yan Dimokurat kuma su ɗage dokar idan sun hau mulki. A 2011 Firaministan Birtaniya David Cameron ya yi barazanar rage agaji ga ƙasashen da ke hukunta masu neman jinsi ɗaya, amma hakan bai hana Shugaba Goodluck Jonathan sa hannu a dokar haramta auren jinsi a watan Janairun 2014 ba. A Jamhuriyar Nijar, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai da Bankin Duniya sun dakatar da kuɗaɗensu, har gwamnatin soja ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100.

Darasin farko: SAP da masaƙun Kakuri

A da, kudancin kogin Kaduna yana cikin manyan cibiyoyin masana'antun Arewa. Gwamnatin Sardauna ta kafa masaƙar KTL a Kakuri tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara aiki a 1957. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar nan suka cika unguwannin da ke kewaye, kuma a Kaduna ne hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa take, inda Adams Oshiomhole ya yi suna a matsayin babban sakatare.

Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980 ta jefa Najeriya cikin ƙarancin kuɗin waje. Gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, ta kuma fara tattaunawa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Asusun ya nemi a karya darajar naira, a rage rangwamen man fetur, a buɗe kasuwa ga kayan waje. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙi. Da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, sai ya jefa maganar gaban jama'a domin muhawara. Ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago da malaman jami'a suka yi ca a kan rancen, kuma a watan Disamba gwamnati ta sanar da cewa ba za ta karɓa ba.

Bayan wata shida, a tsakiyar 1986, gwamnatin ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, ta ce na gida ne. Abin da ke cikinsa kusan shi ne abin da IMF ta nema. Bankin Duniya ya mara masa baya da rancen dala miliyan 452, kuma amincewar IMF da shirin ita ce ta buɗe ƙofar sake tsara wa'adin basussukan da ake bin ƙasar. Najeriya ta ƙi kuɗin Asusun, amma ta ɗauki sharuɗɗansa.

A watan Satumban 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ta tashi daga kimanin naira ɗaya da rabi zuwa sama da naira 4. Litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39.5 a wannan shekara. An soke lasisin shigo da kaya, an kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da hukumar auduga. Ga masaƙun Kakuri, wannan ya ninka farashin rini da sinadarai da kayan gyaran injuna da ake shigowa da su, ya kuma bar manoman auduga na Funtuwa da Gusau da Zariya ba tare da hukumar da ke raba iri da tantance inganci ba. Albashin ma'aikaci ya daina kai shi ƙarshen wata. A watan Mayun 1989 zanga-zangar ƙin SAP ta ɓarke a biranen ƙasar.

Adalci shi ne a faɗi cewa SAP ba shi kaɗai ya kashe masaƙun ba. Matsalarsu ta fara kafin 1986, kuma waɗansunsu, musamman UNTL, sun ɗan farfaɗo bayan karyewar naira saboda atamfarsu ta yi araha a ƙasashe maƙwabta. Abin da ya ƙarasa su ya zo daga baya: ɗage haramcin shigo da yadi a 1997 bayan Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, da fasa-ƙwaurin atamfar Sin ta iyakar Nijar, da rashin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai. KTL ta rufe a 2002, Arewa Textiles ta biyo baya, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Abin da SAP ya yi shi ne ya janye katangar da ke kare masana'antun ba tare da an gina wutar lantarki da hanyoyin da za su ba su damar gogayya ba.

Yafe bashin 2005

Ba kowane sharaɗi ne ya ƙare da hasara ba. A watan Oktoban 2005, a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi ta Paris ta yafe wa Najeriya dala biliyan 18 daga cikin kimanin biliyan 30, ƙasar kuma ta biya biliyan 12.4 ta kammala a watan Afrilun 2006. Sharaɗin shi ne IMF ta riƙa sa ido a kan manufofin tattalin arzikin ƙasar ta wani tsari da ba ya ɗauke da rance. Gwamnati kuma ta ɗauki alkawarin ware kimanin dala biliyan ɗaya a shekara domin yaƙi da talauci, ta ofishin muradun ƙarni da Amina Mohammed ta jagoranta. Rijiyoyin burtsatse da ɗakunan shan magani masu tambarin MDG da ake gani a ƙauyuka da unguwanni daga nan suka fito. Masu suka sun ce ƙasar da ke fama da talauci ba ta kamata ta zube dala biliyan 12 a hannun masu arziki cikin 'yan watanni ba. Masu goyon baya sun ce ba don haka ba da kuɗin ruwa da tara sun ci gaba da hauhawa.

Rancen dala miliyan 350

A watan Yunin 2017 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 350 ga jihar Kaduna a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i. Rancen yana ƙarƙashin wani salo da bankin ya ɓullo da shi a 2012, wanda ake sakin kuɗi gwargwadon sakamako. A tsohon salo, bankin yana biyan kuɗin wani takamaiman aiki, kamar madatsar ruwa ko makaranta. A sabon salo, ana yarjejeniya a kan waɗansu ma'aunai, wata hukuma mai zaman kanta ta tabbatar an cika su, sannan a saki kuɗi zuwa baitulmali domin shirin gwamnati.

Ma'aunan Kaduna sun shafi abubuwa biyu. Na farko sauƙaƙa harkar kasuwanci: rage kwanakin samun izini da rajista, tsara haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, yi wa filaye rajista da fitar da takardun shaidar mallaka, da shimfiɗa ƙa'idar bai wa manyan masu zuba jari filayen noma ba tare da an zalunci al'umma ba. Na biyu gyaran kuɗin gwamnati: ƙara kuɗin shiga na cikin gida, aiwatar da kasafin manyan ayyuka kamar yadda aka rubuta, da inganta bayar da kwangila.

Gwamnatin jihar ba a tilasta mata waɗannan ba. Ita ce ta kafa hukumar KADGIS mai kula da filaye da hukumar haraji ta KADIRS tun kafin rancen, kuma ma'aunan an tsamo su ne daga tsarin ci gaban da ta rubuta da kanta. Wannan shi ne babban sauyin da aka samu tun bayan Yarjejeniyar Paris ta 2005 kan ingancin agaji, wadda ta ce mai karɓa shi ya kamata ya mallaki shirin. Sai dai tambayar da ta rage ita ce wane ne mai karɓa: gwamna da kwamishinoninsa, ko mai shago a Kakuri da zai biya harajin?

A ranar 29 ga Maris 2018 Majalisar Dattawa ta yi watsi da rancen. Kwamitin basussuka da Sanata Shehu Sani ke shugabanta ya ce Kaduna ita ce ta biyu a yawan bashin waje bayan Legas, kuma ƙarin zai yi wa jihar nauyi. Sauran sanatocin jihar biyu, Suleiman Hunƙuyi da Danjuma La'ah, suka goyi bayansa. Gwamna El-Rufa'i ya zarge su da yi wa jihar zagon ƙasa saboda gabar siyasa. A zaɓen 2019 Uba Sani ya maye gurbin Shehu Sani a kujerar Kaduna ta Tsakiya, kuma a watan Maris na 2020 sabuwar majalisa ta amince da shirin rancen dala biliyan 22.7 na gwamnatin Buhari, wanda na Kaduna ke ciki.

Abin da jama'a suka gani da ido shi ne shirin sabunta birane da aka ƙaddamar a 2019: faɗaɗa tituna, gadar sama ta Kawo, da sabuwar hanya da gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa, wadda ta rage cunkoson masu tsallaka kogi. Abin da suka ji a aljihu shi ne ɗaya ɓangaren. Kuɗin shigar jihar na cikin gida ya tashi daga ƙasa da naira biliyan 15 a 2015 zuwa sama da biliyan 50 a 2020. A takardun bankin wannan nasara ce. A kasuwa kuwa, harajin fili ne da kuɗin rajista da takardar neman biya da ake liƙa wa a ƙofar shago.

A watan Yunin 2024 Majalisar Dokokin jihar ta karɓi rahoton wani kwamitinta da ya yi zargin an karkatar da naira biliyan 423 a gwamnatin da ta gabata, ya kuma ce waɗansu basussukan ba a kashe su a inda aka karɓo su domin shi ba. El-Rufa'i ya musanta, ya kira rahoton bi-ta-da-ƙullin siyasa, ya kuma garzaya kotu. Zargi ba hukunci ba ne. Abin lura shi ne ma'aunan da mai ba da rance ya gindaya suna iya cika daidai, amma takaddama ta ci gaba a kan inda kuɗin suka tafi, domin tabbatar da an ƙara haraji abu ne dabam da tabbatar da an biya farashin gaskiya a kan kowace kilomita ta titi.

Sharaɗin da ba a yi muhawara a kansa ba

Sharaɗi mafi tsada a rancen waje shi ne wanda ba a cika ambata ba: da kuɗin waje aka karɓa, da kuɗin waje za a biya. Kaduna kuwa da naira take samun kuɗinta.

A 2017, lokacin da aka amince da rancen, farashin gwamnati naira 305 ne a dala ɗaya, wato dala miliyan 350 ta yi daidai da kimanin naira biliyan 107. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ga kasuwa, kuma zuwa watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. A wannan farashi, bashin nan guda ya zama naira biliyan 525 ba tare da an ƙara karɓar ko sisin kwabo ba. Ƙarancin kuɗin ruwa bai kare jihar daga wannan ba.

Akwai wani ƙulli a nan. Haɗe farashin canji da cire rangwamen fetur, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sanar a ranar 29 ga Mayun 2023, shawarwari ne da Bankin Duniya da IMF suka shafe shekaru suna bai wa Najeriya. A watan Yunin 2024 bankin ya amince da rancen dala biliyan 2.25 ga gwamnatin tarayya domin mara wa waɗannan gyare-gyare baya da ƙara kuɗin haraji. Ke nan hukumar da ke bin jihar bashi ita ce kuma ta goyi bayan matakin da ya ninka nauyin bashin a naira. Masu kare matakin suna cewa kason jihohi daga asusun tarayya shi ma ya ƙaru sosai bayan cire rangwamen, kuma tsohon farashin canji 'yan tsiraru ne ke cin moriyarsa. Wannan gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne cewa litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a watan Agustan wannan shekara sai da aka sanya dokar hana fita a Kaduna da Zariya sakamakon zanga-zangar tsadar rayuwa.

Inda sharaɗi ya yi rana

Akwai misalan da sharaɗi ya tilasta wa gwamnati yin abin da jama'a suka daɗe suna nema. Shirin SFTAS, wanda gwamnatin tarayya ta karɓo rancen dala miliyan 750 daga Bankin Duniya a 2018 domin shi, ya riƙa bai wa jihohi kyautar kuɗi idan sun wallafa kasafinsu da rahoton mai binciken kuɗi a intanet a kan lokaci, sun tattara kuɗinsu a asusun bai-ɗaya, sun haɗa albashi da lambar BVN domin korar ma'aikatan bogi. Kafin wannan shiri, samun kwafin kasafin kuɗin jiha a yawancin jihohi sai mai uwa a gindin murhu. Yawancin alƙaluman da 'yan jarida ke amfani da su yau wajen tuhumar gwamnoni albarkacin wannan sharaɗi ne.

Haka nan yarjejeniyar rigakafin yara da Gidauniyar Gates da ta Ɗangote suka ƙulla da jihohin Arewa da dama, ciki har da Kaduna, an gina ta ne a kan cewa kason da jiha ke zubawa zai riƙa ƙaruwa shekara bayan shekara, na masu tallafi yana raguwa, har jihar ta ɗauki nauyin duka. Sharaɗi ne da aka tsara domin mai karɓa ya daina bukatar mai bayarwa. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta daji, bayan Najeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe da ta kawar da ita a nahiyar.

Ranar da mai bayarwa ya janye hannu

Kyauta ma tana da nata haɗarin. A ranar 20 ga Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin Amurka na kwana 90, kuma zuwa watan Yuli an rushe hukumar USAID. Amurka ta zuba sama da dala biliyan 6 a yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki a Najeriya ta shirin PEPFAR, ban da gidajen sauro da magungunan zazzaɓin cizon sauro da abincin yara masu tamowa. Ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyin agaji ke biya sun wayi gari ba su san makomarsu ba. Gwamnatin tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025 domin cike giɓin. A watan Fabrairun wannan shekara Birtaniya, wadda shirye-shiryenta irin su ESSPIN suka daɗe a makarantun Kaduna, ta sanar da rage agajinta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin 100 nan da 2027 domin ƙara kuɗin tsaro. Najeriya ba ta karya wani sharaɗi ba. Siyasar cikin gidan masu bayarwa ce ta sauya, kuma majinyacin da ke karɓar magani a asibitin gwamnati ba shi da ƙuri'a a can.

Abin da ɗan ƙasa zai iya bincika

Takardun rancen Bankin Duniya ba sirri ba ne. Tun 2010 bankin ke wallafa yarjejeniyoyinsa da ma'aunan sakin kuɗi da rahotannin ci gaban aiki a shafinsa. Ofishin Kula da Basussuka yana fitar da bashin kowace jiha, Hukumar Ƙididdiga kuma tana wallafa abin da aka cire daga kason kowace jiha a kowane wata. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takardun gwamnati, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar tana aiki a kan jihohi. Al'ummar da aikin bankin ya cutar tana iya kai ƙara ga kwamitin bincikensa mai zaman kansa da aka kafa a 1993, kamar yadda mutanen Badia da aka rushe wa gidaje a Legas suka yi a 2013.

Duk lokacin da aka sanar da sabon tallafi, tambayoyi biyar sun isa su warware shi. Kyauta ne ko rance? Da wane kuɗi za a biya, kuma daga wace shekara? Waɗanne ma'aunai aka sa hannu a kai, kuma aljihun wa za su taɓa? Wa zai tabbatar da inda kuɗin suka tafi bayan sun shiga baitulmali? Majalisar Dokokin jiha ta saurari jama'a kafin ta amince, ko cikin zama guda aka wuce wurin?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu jihar da za ta gina gada da asibiti da kuɗin shigarta na shekara guda kaɗai. Amma rance mai sauƙi yakan ɗauki shekaru 25 zuwa sama kafin a gama biya. Gwamnan da ya sa hannu ba zai wuce shekara takwas a kan mulki ba, jami'in bankin da ya tsara shirin za a sauya masa ƙasa. Wanda zai kasance a nan har ranar biyan ƙarshe shi ne matashin da ke da shekara 20 a Makera ko Narayi yau, kuma shi ne bai ga takardar ba kafin a sa mata hannu.